Filin Kiwo: Jar Akuya Ta Haifi Baƙi

A ƙauyukan Batsari da Safana ɓarayin dajin Rugu sun rage dabbobi ƙwarai, har wata unguwa bunsuru ɗaya ya rage mata. Akuya ta kan yi wata 5 da ciki, 'yarta kuwa ta kan isa barbara tun ba ta cika shekara ba. Ashe kafin a ankara, bunsurun nan yana hawan 'ya'yansa.

Me ya sa wannan ya ke da hatsari? Kowane ɗan akuya yana karɓar ƙwayoyin gado biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, wata kuwa ta kan ɓuya, sai ta gamu da irinta kana ta bayyana. Gregor Mendel ya nuna haka a kan wake a 1866. Shi ya sa jar akuya da jan bunsuru su kan haifi baƙi, uwargida ta yi ta zargin bunsurun maƙwabta, alhali kuwa baƙin yana ɓoye cikin iyayen duka biyu.

Launi ba ya kashe akuya, sai dai ya rage kuɗin fata. Amma yadda baƙi ya ke ɓuya, haka lahani ya ke ɓuya: gajeren muƙamuƙi, ko namiji mai ƙwalo ɗaya. Idan uwa da uba suna ɗauke da lahani guda a ɓoye, wajen ɗaya cikin 'ya'ya huɗu zai fito da shi. 'Yan jini ɗaya kuwa su ne suka fi ɗaukar lahani iri ɗaya.

Wani lokaci ido ya kan ga alama. Alfaka, dangin raƙumi ta ƙasar Peru, idan fara ce mai shuɗin ido, sau da yawa kurma ce. A awaki, musamman irin na Turai, alamar ita ce rashin ƙaho. Idan aka haɗa biyu da aka haifa ba ƙaho, waɗansu 'ya'yan matan su kan fito mata-maza, ba haihuwa, ba nono.

To, ku yi musanyar bunsuru da wani gari mai nisa kowace shekara. Wanda ya fito da lahani a dandaƙe shi, a yi kiwonsa taure don Kirsimeti. Ɗan da aka haifa da maƙoƙo kuwa, kada a yi saurin sayar da uwarsa, gama sau da yawa ƙarancin aidin ne cikin abincinta. A nemi malamin dabbobi tukuna.