Kada Littattafan Baftisma Su Ruɓe A Kanada

A 1891 ne mutanen Yukren suka fara ƙaura zuwa Kanada neman gonaki. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, gwamnati ta tsare kusan 5,000 daga cikinsu a sansanoni, wai 'yan ƙasar abokan gaba ne. Magana ta kwanta shekaru da yawa. Jikokinsu ne suka tono hotuna da wasiƙu da shaidar tsofaffi, har Kanada ta ware dala miliyan 10 a 2008 domin tunawa da su.

'Yan'uwa, abin da ke damuna yanzu shi ne majami'unsu na ƙauyukan Albarta da ake rufewa, domin matasa sun koma birni. Sunayen iyalai suna cikin littattafan baftisma da na aure. A kwashe su zuwa ma'ajiyar tarihi tun rufin bai fara yoyo ba.