Filin Lafiya: Masassarar bayan fiɗa

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji, da wuya a sami gidan da ba a yi wa wani nasa aikin fiɗa ba: ko kaba, ko gwaiwa, ko mace mai doguwar naƙuda, musamman tun da hukumomin Nijar suka ayyana fiɗar haihuwa kyauta a shekarar 2005. Da an fito da mutum lafiya, sai dangi su ce an gama. Alhali kuwa kwanakin da ke biye su ne masu haɗari.

A shekarar 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kashi 11 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa fiɗa, ciwon nasu yakan kamu da ƙwayoyin cuta. A Afirka kuwa, abin yakan kai kashi 20 ga matan da aka ciro wa jariri.

Ba kowace masassara ke nufin ciwo ya ruɓe ba. A kwana biyun farko, jiki kan yi ɗumi domin yana fama da yankan da aka yi masa, kuma sau da yawa yakan huce da kansa. Wadda ta taso daga kwana na uku, ta kai digiri 38 ko fiye, ita ce abin dubawa. Takan fito daga huhu, in majinyaci ya kwanta ba motsi ba tari. Ko daga robar fitsari da ta daɗe. Ko daga jijiyar da aka ɗaura ruwa. Ruɓewar ciwon kanta ta fi bayyana daga kwana na biyar: wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya soma ɗigar mugunya. In kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. A ƙasarmu akwai ƙari: masassarar cizon sauro, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Awon jini ne kaɗai ke raba gardama.

Akwai waɗanda haɗarin ya fi yi wa yawa: mai ciwon suga, mai ƙarancin jini, wanda tamowa ta raunana, da matar da faya ta fashe mata tun a ƙauye, aka kwana kafin a samo mota.

Wani nauyin yana wuyan ma'aikatan likita: wanke hannu, dafa kayan aiki, ba da maganin ƙwayoyin cuta kafin yanka, da cire roba kan lokaci. Wani kuma namu ne. Mukan cika ɗakin majinyaci da gaisuwa, kowa ya miƙa hannu. A gida wasu kan kwance bandeji su zuba toka ko garin itace, abin da ke buɗe wa ciwon sandarau ƙofa. Wasu kan sayi kafso wurin mai talla a kasuwa, su sha kwana biyu su bari. Masassara ta lafa, ƙwayar cutar kuwa ta ƙara taurin kai.

Ɗan kasuwa na ɗokin komawa rumfa, ma'aikaci na ɗokin komawa biro, amma kuɗin motar zuwa wankin ciwo bai kai na aiki na biyu a Maradi ba. Duk wanda ya ga masassara tare da rawar ɗari, ko mugunya, ko jinin biƙi mai wari, ko numfashi sama-sama, ya kai majinyaci gidan likita mafi kusa a ranar, da takardar sallamarsa a hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.