Daga karen mota zuwa direba a Adar

A Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, wato Adar, saurayin da ya gaji da tafiya cin rani Abijan ko Libiya yakan ɗaga kai ya dubi tirela. Yana da hujja. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa Madawa, kuma albasar fadamar Tarka da ta Galmi ba ta isa Akara ko Abijan sai a bayan babbar mota.

Amma ƙofar shiga sana'ar har yanzu guda ce: zama karen mota. Yaro ya yi shekaru yana ɗaure kaya, yana sa waji, yana kwana ƙarƙashin mota, ba albashi tsayayye, ba ranar yaye. Maigida nagari ya ba shi sitiyari, wani kuwa ya mai da shi ɗan aike. Kuɗin lasisin babbar mota kuma ya fi ƙarfin ɗan talaka.

Hanyar ma ta sauya. Tun rufe iyakar Benin a 2023, kayan tashar Lome ta Burkina Faso suke biyowa, cikin ayari da rakiyar soja. Albasar da ke bin wannan hanya kuwa ba ta jira. Kwanakin da aka ɓata a shinge asarar manomi ce. Sabon direban da bai ƙware ba, nan ake jefa shi.

Ra'ayinmu shi ne ƙungiyoyin direbobi da hukumomin jihar Tawa su yanka wa zaman karen mota wa'adi a rubuce, su kawo koyon tuƙin manyan motoci Madawa, a kuma bar matasa su biya kuɗin lasisi kaɗan-kaɗan bayan sun kama aiki.