Ƙwallon Tebur: A Gyara Wuri, a Ga Samari

Ga wata magana wadda ido ke rainawa, amma tana da nauyi. Duk wanda ya ratsa unguwannin birni da la'asar yakan tarar da samari sun ɗora katako bisa bulo a bakin hanya, sun gitta sanda a tsakiya maimakon raga, suna buga ƙwallon tebur. Himmar dai akwai ta. Abin tambaya shi ne, don me ɗan kaɗan ne daga cikinsu ke ɗorewa? Laifin ba na yaran ba ne, na wurin wasan ne.

Shi wannan wasa asalinsa Ingila ne, kuma tun farko a cikin ɗaki aka ƙirƙiro shi. An kafa ƙungiyarsa ta duniya a 1926, ya shiga gasar Olamfik a 1988. Ƙa'idarsa kuwa a auna take, kamar mudu a kasuwa. Tebur tsawonsa ƙafa 9, faɗinsa ƙafa 5, tashinsa daga ƙasa ƙafa biyu da rabi, raga kuma inci 6. In an saki ƙwallon daga tazarar santimita 30, lalle ne ta yi tsalle kimanin santimita 23 a ko'ina bisa tebur ɗin. Ita ƙwallon kanta nauyinta giram 2.7 kaɗai, watau ba ta kai ƙwayar dabino ba.

To, mai hankali ya duba. Abin da bai kai dabino nauyi ba, ina ƙarfinsa gaban iskar hunturu? Da damina katako ya sha ruwa ya kumbura, da bazara ya tsage. Sa'an nan magariba na yi duhu ya kori kowa. Yaron da ya koyi bugu bisa karkataccen tebur tamkar ɗan kasuwa ne da ya koyi awo da karkataccen sikeli: ranar da ya hau na gaskiya sai hannunsa ya ƙaryata shi, ya ji kunya, ya bari. Kowane malami ya san allo mai kaushi ba ya fid da kyakkyawan rubutu, kome kyan hannun almajiri.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Tebur na bakin titi ba shi da mai tsawatarwa, don haka caca da zage-zage sukan raɓe shi. Uba mai mutunci ba ya barin ɗansa a nan, balle 'yarsa. Ta haka ake rasa 'ya'yan kirki tun ba su soma ba.

A dubi inda aka gyara wuri. Ƙasar Sin ta sami zakaranta na duniya na farko, Rong Guotuan, a 1959, ta cika makarantu da unguwanni da tebura, har da na siminti masu jure rana da ruwa, ta kuma tanadi ɗakunan horo ga waɗanda suka yi fice. A Ikko wani attajiri, Molade Okoya-Thomas, ya ɗauki nauyin gasar Asoju Oba tun 1968, har aka sa sunansa ga zauren wasa na filin Teslim Balogun. Ba banza ba gwanayen Nijeriya suka fito daga wannan sashe. Segun Toriola ya halarci Olamfik sau 7, daga 1992 zuwa 2016. Funke Oshonaike ita ma sau 7. Aruna Quadri, mutumin Oyo, ya shiga sahun takwas na ƙarshe a Rio a 2016, abin da wani ɗan Afirka bai taɓa yi ba kafinsa. Shi ma sai da ya koma ƙungiyoyin Turai, inda kayan horo suke, kafin ya kai haka.

Ba a ce kowace unguwa ta gina zauren gasar duniya ba, wanda ke bukatar fili mita 14 da mita 7 ga tebur guda. Abin da ake nema kaɗan ne: ɗaki mai rufi wanda iska ba ta kaɗawa ciki, daɓe marar santsi, fitila mai haske, tebur daidaitacce, da dattijo mai kula. A ware wa 'yan mata lokacinsu, a rufe ƙofa lokacin karatu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙaramar hukuma ta ba da ɗaki, attajiri ya sayi tebur, malami ya sa ido ga tarbiyya. Kada kuma a gina a watsar, domin rufin da ke yoyo yakan cinye tebur cikin damina ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma saurayin da ya sami wurin zuwa da maraice ya rage wa iyayensa fargaba. Wassalam.