A daina tsallake dattawanmu a binciken lafiya

Ɗaliban aikin jinya sukan shigo Nima da Mamobi da Aboabo da takardun tambayoyi. Kafin su yi sallama a ƙofar kowa sun riga sun yanke iyaka: daga shekara kaza zuwa shekara kaza. Wanda ya haura iyakar, sai a gaishe shi a wuce.

Iyakar ƙasa mun gane dalilinta, yaron da bai kai 18 ba sai da izinin iyayensa. Ta saman ce muke da magana a kai.

Babban binciken lafiyar iyali na Gana, wato DHS, yana tambayar mata masu shekara 15 zuwa 49 da maza 15 zuwa 59, don haihuwa da renon yara ne ginshiƙinsa. A 2014 an auna hawan jini a cikinsa, amma a tsakanin waɗannan shekarun. To, hawan jini da ciwon sukari wa suka fi kamawa? Hajiyar da ta haura 70, mai haɗiyar magani kala uku kowace safiya, ba ta shiga lissafi ba. Nas ɗin da za ta duba ta gobe kuwa, da irin wannan lissafin aka karantar da ita.

Ana cewa tsoho ba ya ji sosai, takardar da Turanci take, hirar tana cin lokaci. Gaskiya ne, sai dai uzuri ne na mai gaggawa. Binciken SAGE na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bi 'yan shekara 50 zuwa sama a nan Gana, kuma ya yiwu.

Akwai kuma tsofaffinmu da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, shekarar da ke kan katinsu ƙiyasi ce. Mai haƙuri zai tambaya: Baba, kun yi wayo lokacin 'yancin kai a 1957? Kun yi aure kafin korar baƙi ta Busia a 1969? Nan da nan shekarun za su fito.

Saboda haka idan masu bincike suka zo neman izini wurin sarkin zango ko liman, mu tambaye su iyakar shekarun da dalilinta, mu nemi su zo da mai Hausa. Iyayenmu kuma, don Allah in an zo ku amsa da bakinku. Kada a tura jika ya faɗi yadda gwiwar kakarsa ke ciwo.