Mu Kai Yaranmu Ƙal'ar Salahuddin

Ya ku iyaye, yaranmu suna haddace tarihin Salahuddin a aji, alhali ganuwar da ya fara ginawa a 1176 tana nan gefen dutsen Muƙaɗɗam, ba nisa da Hayyus Sabi'i. A ganina, kai su can ma karatu ne. Su ji dalilin haƙa Rijiyar Yusuf cikin dutse, wato kada ƙishirwa ta kayar da mayaƙa. Su shiga masallacin Sarki Nasir Muhammad, wanda ya karɓi baƙuncin Mansa Musa na Mali a 1324, kan hanyarsa ta Hajji. Tikitin baƙo da tsada, gaskiya ne, amma katin ɗalibi yana rage shi. Kada su koma gida da labarin littafi kawai. Gani ya kori ji.