Rashin sabis a Jega, Aliero da Maiyama: A yi tunani kafin a sayi na'urar ƙara ƙarfin netwok

A garuruwan da kasuwanci ya koma kan waya, rashin sabis asarar kuɗi ce kai tsaye. Dillalin albasa a Aliero da ke jiran alat kafin ya sallami mota, da mai POS a kasuwar Jega, da manomi a ƙauyukan Maiyama da ke son jin farashin hatsi kafin ya ɗora buhu, duk sun san zafin waya ta nuna sanda ɗaya. Abin da ya fi ciwo shi ne sau da yawa sabis ɗin yana nan a ƙofar gida, amma da an shiga ɗaki sai ya ɓace.

Dalilin ba boyayye ba ne. Siginar waya tana raguwa yayin da take ratsa bango mai kauri, rufin kwano kuma yana mayar da ita baya. Idan aka haɗa da nisan gida daga turken sadarwa, sai ta iso a gajiye. Shi ya sa wasu ke tambayar ko akwai na'urar da za a kafa a gida a huta.

Akwai, amma iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su.

Ta farko ƙaramin akwati ne da ake jonawa da intanet ɗin gida. Tana zama kamar ƙaramin turken sadarwa a cikin falo: wayar mutum ta kama ta, ita kuma ta bi ta intanet ta kai kiran ga kamfanin. Kamfanin Vodafone ya fara raba irinta a Birtaniya a 2009, aka san ta da sunan Sure Signal, sannan ya dakatar da ita a 2021, lokacin da wayoyi suka iya yin kira kai tsaye ta wifi. Sharuɗɗanta biyu ne: dole kamfanin layin ya amince da ita a cikin tsarinsa, kuma dole gidan ya riga ya samu intanet mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. A nan gizo ke saƙar. A Turai ta yi aiki ne saboda wayar intanet ta riga ta shiga gidaje. A mafi yawan gidajen wannan yanki kuwa, intanet ɗin kansa daga turken nan mai rauni yake zuwa. Wanda ya jona akwatin da irin wannan intanet ya ɗebi ruwa ne daga rijiyar da ta ƙafe.

Ta biyu ita ce wadda ake tallatawa a shaguna, mai eriya a saman rufi, wadda ke kamo siginar waje ta ƙara mata ƙarfi. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a kan saye da kafa irin wannan na'ura, tana mai cewa kamfanonin da ke da lasisi ne kaɗai ke da hurumin amfani da ita. Gargaɗin yana da tushe. Na'urar da ba a daidaita ta ba tana mayar da hayaniya ga turken, sai sabis ɗin maƙwabta ya lalace. Gida ɗaya ya samu sanda huɗu, unguwa ta rasa. Kuma idan janaretan turken ya mutu, ko aka yanke kebul a hanya, babu abin da za ta ƙara wa ƙarfi.

To mene ne mafita ga mai gida? Da farko ya gano inda matsalar take. Idan sabis yana da kyau a tsakar gida, ƙaramar rauta mai ɗaukar layin waya, wadda aka ajiye a taga ko wani wuri mai tsayi da ke fuskantar turken, za ta iya watsa wifi zuwa cikin ɗakuna, a yi kira ta WhatsApp, a tura kuɗi ta manhajar banki. Ƙaramin sola da batir sun isa su riƙe ta. Gwada layin wani kamfani ma yakan warware matsalar, domin turakunsu ba lallai su kasance wuri ɗaya ba.

Inda babu sigina kwata-kwata, akwai intanet na tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka shi kaɗai, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar 'yan albasa, ko masu shaguna a layi ɗaya, ko gidan hayar ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, za su iya haɗa kuɗi su kafa ɗaya su raba.

Sai dai duk waɗannan dabarun rage zafi ne. A Janairun 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, bisa alƙawarin inganta aiki. Mutumin Maiyama yana biyan abin da mutumin Abuja ke biya, don haka yana da haƙƙin neman sabis irin nasa. Wanda ya kai ƙorafi ga kamfani bai ga gyara ba, zai iya kiran NCC kyauta a lamba 622. Ƙorafin da hakimai, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da shugabannin ƙananan hukumomin uku suka rubuta tare, da sunayen unguwanni da ƙauyukan da abin ya shafa, ya fi na mutum ɗaya nauyi. Akwai kuma asusun USPF da aka kafa domin kai sadarwa wuraren da kamfanoni ke ganin babu riba, kuma aikin wakilan yankin ne su bi sawunsa.

Ita ma gwamnatin jihar Kebbi tana da rawar takawa: kare turaku daga masu satar batir da dizal. Jega na kan mahaɗar hanyoyin Sakkwato, Birnin Kebbi da Yawuri. Garin da manyan motoci ke ratsawa dare da rana bai kamata ɗan kasuwarsa ya riƙa hawa katanga don ya ga alat ba.